To, Wa Zai Gaya Mata?

Akwai wani sashe na aikin malamin makaranta wanda ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki ba, ba a kuma koya mana shi a makarantar horon malamai ba. An koya mana yadda ake shirya darasi, da yadda ake riƙe aji mai yara tamanin, da yadda ake duba takardun jarrabawa. Amma ba wanda ya gaya mana abin da za mu yi sa'ad da yarinya ƴar shekara 13 ta tsaya bayan an tashi, tana murza bakin gyalenta, tana so ta sani ko jinin da ta gani alamar mutuwa ce. Ba wanda ya gaya mana kuma abin da za mu ce wa mahaifinta in ya zo kashegari da fushi, yana tambaya wa ya ba mu izinin yi wa ƴarsa irin wannan magana. Dukansu biyu kuwa suna da hakki a kanmu. Yarinyar ta zo da tsoro na gaskiya, uban kuma shi Allah ya ba amanarta tun ba ta san hanyar makaranta ba.

Na yi shekaru masu yawa ina koyar da ilimin halittu a kwaleji a jihar Maraɗi, a ƙasar Nijar. A manhajarmu darasin haihuwar ɗan Adam yana zuwa ne a ƙarshe ƙarshen kwaleji, sa'ad da jarrabawar fita ta matso. Jikin yaro kuwa ba ya jiran manhaja. Yawancin ƴan mata sukan fara ganin haila tsakanin shekara 10 da 16, wato da yawa cikinsu sun riga sun gani tun suna aji na fari, waɗansu ma an cire su daga makaranta kafin mu kai wannan shafi na littafi. Saboda haka na sami kwalin sukari, na huda bakinsa, na ajiye a bayan aji. Na ce duk wanda yake da tambayar da yake jin nauyin yi a fili, ya rubuta a ƴar takarda ba tare da suna ba, ya jefa. Ran Jumma'a nakan kwashe in tafi da su gida.

Da ma iyaye za su ga abin da yake cikin kwalin nan, da hankalin yawancinsu ya kwanta. Su suna zaton yara suna neman a koya musu hanyar lalata ne. Abin da na fi samu kuwa tsoro ne. Wannan yana tambaya ko mafarkin da yake yi da dare zai ƙarar masa da ƙarfi har ya kasa haihuwa in ya girma. Waccan tana tambaya me ya sa nononta ɗaya ya fi ɗaya, ko ciwo ne. Wata tana so ta sani ko zama a kan benci inda namiji ya tashi yana sa ciki. A shekarun da cutar sida ta sa kowa cikin fargaba, gama an fara ganinta a Nijar a 1987, kusan rabin takardun a kanta suke: ko sauro yana ɗauko ta, ko cin tuwo a kwano ɗaya da mai ita yana sa a kamu, ko gaisawa. Amsar duka ukun ita ce a'a, amma yaron da kawunsa yake kwance a gida yana ramewa, wannan a'a ɗin ita ce za ta sa ya iya kai masa ruwa.

Akwai wata tambaya da takan dawo kowace shekara daga wajen samari, bari in ɗan tsaya a kanta, domin ita ta fi nuna mini abin da shiru yake jawowa. Yaro yakan rubuta cewa yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Waɗansu abokansa sun ce masa ai haila ce ta maza, alama ce ya zama namiji. Waɗansu kuma sun ce ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗauka wajen mata. Shi kuwa bai taɓa sanin mace ba, ga shi ba ya iya gaya wa ubansa, domin yana tsoro a ce ya lalace. Sai ya yi shekara biyu ko uku yana ɓoyewa. Alhali kuwa tsargiya ce. Wata ƴar tsutsa ce da take girma a jikin dodon koɗi a tabkuna da magudanan ruwan noman rani. In yaro ya shiga wanka ko kamun kifi, sai ta huda fatarsa ta shiga jini, daga baya ta riƙa zuba ƙwai a bangon mafitsara, ƙwan nan ne suke yin rauni har jini ya fito. Tana da magani, ƙwayoyi ne da ake sha a yini ɗaya, tun 2004 ma aka soma raba shi ga ƴan makaranta a Nijar. In an bar ta kuwa, tana iya lalata mafitsara da ƙoda. To, ku duba. Ciwon da ba ruwansa da zunubi ko kaɗan, amma da yake ya fito ta wurin da ba a ambata, sai yaro ya zauna da shi cikin kunya. Ban taɓa saduwa da uban da ya ji wannan bayani ya ce da ma ban gaya wa ɗansa ba.

Duk da haka iyaye sukan ce kada a yi wa ƴaƴansu maganar. Na daɗe ina sauraron wannan kalma, na kuwa lura ba ma'ana ɗaya take da ita a bakin kowa ba. A wurin yawancinsu ba hani ba ne, kunya ce. Mu Hausawa mun san macen da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, balle ta zaunar da ƴarta ta yi mata bayanin haila. Amma kakanninmu ba su bar abin haka kawai ba. Sun san uwa ba za ta iya ba, sai suka ɗora aikin a kan waɗansu. Gwaggo tana nan, inna tana nan, ga kuma kaka wadda take wasa da jikokinta, tana iya faɗa musu cikin raha abin da ba wanda ya isa ya faɗa. Yaro namiji kuma yana da kawu da yayye. Wato kunyar iyaye tana tafiya ne tare da bakin dangi. In aka ɗauke ɗaya aka bar ɗaya, sai a sami yaro wanda ba mai gaya masa kome.

Wannan kuwa ya fi shafar gidajenmu na Kirista fiye da yadda muke so mu yarda. Ikkilisiya a ƙasarmu ba ta tsufa ba, gama a 1924 ne mishan ta soma aiki a Damagaram. Da yawa cikin waɗanda suka ba da gaskiya sun rabu da danginsu saboda bangaskiya, waɗansu kuma aiki ya kai su birni, nesa da tsofaffi. Yarinya ta tashi a gida mai ɗaki biyu, daga ita sai uwa da uba da ƙanne. Gwaggon da za ta ja ta gefe tana can ƙauye, wataƙila ma ba a shiri. Sa'an nan ga wani abu da na lura da shi a aji, inda yawancin almajiraina Musulmi ne. Yaransu da suke zuwa makarantar Islamiyya sukan karanta littattafai irin su Ahalari, inda ake bayanin tsarki da wanka da hukuncin haila. Ko ba a yi musu bayanin yadda jiki yake aiki ba, sun dai ji sunayen abubuwan daga bakin babba, a wuri mai daraja, sun san ba abin mutuwa ba ne. Namu fa? A makarantar Lahadi mun koya musu labarin Yusufu da matar Fotifar, mun ce su guje wa zina, amma ba mu taɓa gaya musu abin da zai faru da jikinsu ba. Littafin Firistoci sura 15 ya yi maganar waɗannan al'amura a fili, amma yaushe rabon da wani ya ji an karanta ta a taron matasa?

Ba kuwa zan ce tsoron iyaye wauta ba ne. Uba ya ji labarin malamin da ya yi wa almajirarsa ciki, ba kuma ƙarya ba ne, irin wannan yana faruwa, kunya ce a kan dukanmu masu riƙe da alli. Don me zai saki jiki in ya ji namiji baligi yana zance da ƴarsa a kan jikinta? Ya kuma ji cewa akwai littattafai da ake kawowa daga waje, waɗanda aka rubuta ba a shawarce shi ba. A ƙasar Mali, a watan Disamba na 2018, Imam Mahmud Dikko ya tashi a kan wani littafin koyar da wannan fanni da ake shiryawa, har gwamnati ta janye shirin. A Gana ma a 2019 shugabannin ikkilisiyoyi da na Musulmi suka haɗa baki suka ƙi irin wannan manhaja, gwamnati ta ce ba za a koyar da ita ba. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan abin da yake cikin littattafan, abu guda a fili yake: iyaye a rediyo suka fara jin labari. Wanda aka yi shawara a kan ɗansa ba ya nan, ko shawarar mai kyau ce, da wuya ya karɓa.

Na sani hukumar UNESCO ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, ta fitar da jagora a 2009, ta sabunta shi a 2018, inda ta nuna cewa koya wa yara gaskiya game da jikinsu ba ya sa su gaggauta fara jima'i, sau da yawa ma yakan sa su jinkirta. Na yarda da wannan, domin ya yi daidai da abin da idona ya gani. Amma ban taɓa ganin uban da aka rinjaya da sunan wata hukuma ta Faransa ko Amurka ba. Abin da yake rinjayarsa shi ne ya ga fuskar malamin, ya ji da kunnensa abin da za a faɗa, ya kuma san yana da iko ya ce a'a.

Saboda haka na mai da shi al'ada, a farkon kowace shekara, kafin in buɗe bakina a aji, nakan roƙi shugaban makaranta ya kira iyaye. Maza daban, mata daban, gama in an haɗa su ba mai cewa uffan. Wata malama abokiyar aikina ita take zama da mata, ni kuma da maza. Ba ma yin wa'azi. Mukan ɗauko takardun kwalin bara, waɗanda ba suna a jiki, mu karanta musu ɗaya ɗaya. Da fari akan yi dariya, musamman a kan maganar benci. Daga nan sai dariyar ta ragu. In an kai ga takardar da yarinya ta rubuta cewa ta yi wata uku tana wanke tsumma da dare tana shanya shi a ƙarƙashin katifa don kada uwarta ta gani, sai ka ji wuri ya yi tsit, gama kowace uwa tana tunani ko tata ce. Sa'an nan mu nuna musu zanen da yake cikin littafin gwamnati, mu faɗi abin da za mu koyar da abin da ba za mu taɓa ba.

Akwai dattijon da ya miƙe a irin wannan taro ya ce, "Malam, mun gode, amma ni dai ban yarda a yi wa ƴata wannan zance a makaranta ba." Na ce, "Baba, na ji, ƴarka ce, ba kuwa zan ƙetare maganarka ba. Amma ina da tambaya guda. Abin nan zai zo mata, ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba. To, wa zai gaya mata?" Ya yi shiru. Can ya ce uwarta. Na ce, "Baba, kana ganin za ta iya?" Sai ya yi murmushi, domin ya san matarsa. Daga baya ya ce akwai ƙanwarsa a unguwar gaba, wadda take aikin unguwarzoma. Na ce madalla, ai ta fi ni sanin abin. Tun daga ran nan wannan tambaya ta zama abin da nake yi wa kowane uba da kowace uwa, har waɗanda suka yarda. Ina so kowane yaro ya kasance da babba guda, wanda iyayensa suka zaɓa da bakinsu, wanda zan iya cewa, "Je ka wurin wane, babanka ya san da maganar."

A cikin aji kuwa ga yadda nake rarrabewa. Abin da ya shafi yadda Allah ya gina jiki, nakan faɗe shi sosai, a gajarce, da kalmomi masu tsabta, kamar yadda nake bayanin zuciya ko huhu. Haila takan zagayo bayan kwana 21 zuwa 35, a shekarun fari kuma ba lalle ta zo daidai ba. Ƙwan mace yakan fito wajen kwana 14 kafin haila ta gaba. Yarinya tana iya ɗaukar ciki a karo na fari, har ma kafin ta taɓa ganin haila. Wannan na ƙarshe ba na barinsa, gama ƙaryar da samari suka fi yaudarar ƴan mata da ita ke nan, cewa sau ɗaya ba ya kome. Amma in tambaya ta koma kan yaushe ya kamata, da wa ya kamata, da abin da yake halal ko zunubi, sai in ce wannan na gida ne da wurin sujada. Ni Kirista ne, ina da abin da na gaskata a kan aure da tsarkin rai, in an tambaye ni a ikkilisiya zan faɗa ba tare da jin nauyi ba. Amma a aji an ba ni ƴaƴan mutane ne in koya musu ilimi, ba a ba ni su don in maye gurbin iyayensu ba.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wuri mai santsi, wato maganar kwaroron roba da magungunan hana ɗaukar ciki. A nan ne iyaye suka fi tsayawa, har a cikin ikkilisiya ma ba baki ɗaya ake ba. In yaro ya tambaya ko gaskiya ne kwaroron roba yana kare mutum daga sida, nakan ce gaskiya ne, yana ragewa ƙwarai in an yi amfani da shi daidai, amma wanda ya kame kansa ya fi kowa tsira. Ba na kawo shi aji, ba na nuna yadda ake sa shi, ba na kuma faɗar inda ake sayarwa, gama na yi wa iyaye alkawari. Waɗansu abokan aiki suna ganin na rage, waɗansu iyaye kuma suna ganin na zarce. Abin da ba zan yi ba, ko wa ya roƙe ni, shi ne in yi wa yaro ƙarya. Wata uwa ta taɓa cewa in gaya wa ƴan mata wai duk wadda namiji ya riƙe wa hannu za ta yi ciki, don su ji tsoro. Na ce, "Mama, ran da ta gane ba haka ba ne, ba za ta ƙara gaskata ni ba, ba kuma za ta ƙara gaskata ki ba, har a kan abin da yake gaskiya." Ina iya yin shiru a kan abu in iyaye sun so, in ce wa yaro, "Wannan ba ni zan amsa maka ba, ga wanda zai amsa." Shiru irin wannan ba ya rushe kome, domin yaron ya san akwai amsa, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ba kullum ake rabuwa da murmushi ba. Akwai wani ɗan'uwa, dattijo ne ma a ikkilisiyarsu, wanda ya ƙi sam. Bai yarda a koya a aji ba, bai kuma ambaci kowa ba. Ya ce ƴarsa za ta sani a ɗakin mijinta, kamar yadda uwarta ta sani. Na je gidansa sau biyu, na gaya masa darasin yana iya fitowa a jarrabawa, ya ce ta faɗi wannan tambaya ɗin, ba kome. To, na bi maganarsa. Duk ran da za a yi darasin, sai in ba yarinyar wani aiki ta tafi ofishin shugaban makaranta. Ina ganinta tana fita, kanta a sunkuye, sauran yara suna binta da ido. Na kuma sani da an tashi za ta tambayi ƙawayenta, ta ji rabin gaskiya haɗe da tatsuniya. Abin ya yi mini zafi, har yanzu ina ganin uban bai kyauta mata ba. Amma da na kira ta a ɓoye na koya mata, da na zama daidai irin malamin da yake tsoro, wanda yake zance da ƴar mutum a bayan idonsa. Da labari ya fita kuwa, ba ita kaɗai za a cire ba, ƴan mata goma za a cire. A ƙasar da binciken lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin su cika shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15, zaman yarinya a makaranta ya rataya ne a kan amincewar ubanta, ba a wasa da wannan amincewa. Duk wanda ya taɓa zuwa Danja, kusa da Maraɗi, inda aka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a 2012, ya ga ƴan matan da naƙuda ta daɗe musu tun ƙugunsu bai gama girma ba, ya san abin da kowace shekara guda a aji take tsare wa yarinya.

Sai dai akwai iyaka, ina kuwa faɗa wa iyaye ita tun a taron farko don kada su ce an yi musu ba zata. In tambayar yaro ta nuna ana cutarsa, maganar ta tashi daga koyarwa ta koma ceton rai. Wani lokaci takarda takan fito daga kwali wadda ba irin sauran ba ce. Ba ta tambayar yadda jiki yake, tana tambaya ne ko laifin yarinya ne in babban mutum ya kira ta ɗaki ya ce kada ta gaya wa kowa. Irin wannan ba a amsa ta a gaban aji. Nakan ce wa dukan aji, ba tare da duban kowa ba, cewa in babba ya taɓa yaro ta hanyar da ba ta dace ba, laifin na babban ne, duk wanda yake da irin wannan damuwa kuma ya ga malama wance. In ta zo, ba ma yi mata alkawarin rufe maganar. Mukan ce, "Ba za mu watsa ba, amma dole mu gaya wa wanda zai iya taimakonki, za mu kuwa gaya miki ko wane ne kafin mu je." Yawanci uwa ce ta fari. In kuwa mai cutar yana cikin gidan, ko gidan ya fi son a binne maganar don gudun abin kunya, sai shugaban makaranta ya kai ta ga ma'aikatan kare yara da na lafiya. Gaggawa tana da dalili: akwai maganin da yake hana kamuwa da ƙwayar sida in an fara shansa cikin awa 72 bayan abin ya faru. Kwana uku ke nan. Iyalin da suka zauna suna shawarar yadda za a rufa asiri har mako ya wuce sun rasa wannan dama. A nan ban ga wani hakki na iyaye da ake takewa ba, gama ba a ba kowa iko ya bar ɗansa a hannun mai cuta ba.

Ga ƴan'uwana malamai maza kuma, abin da nake yi ke nan don kare yara da kare kaina. Ba na zance da yarinya ni kaɗai a ɗaki rufe. In ta tsaya bayan an tashi, ƙofa a buɗe take, ni ina tsaye inda mai wucewa zai gan ni, in kuwa maganar ta wuce jimla biyu sai in kira malama. Ba na kuma tambayar yaro abin da bai kawo da kansa ba.

Yau abin ya ƙara wuya, gama kwalin sukari ya sami kishiya. Yaron da dā yake jiran Jumma'a, yanzu yakan ari wayar yayansa da dare, ya ga abin da ko ubansa bai taɓa gani ba, a WhatsApp ko TikTok, ba mai ce masa wannan ƙarya ce, wannan kuma wasan neman kuɗi ne. Masu tallar maganin ƙarfin maza da na gyaran jiki suna magana da shi kai tsaye, ba su nemi izinin kowa ba. Uban da ya ce kada a gaya wa ɗansa kome yana zaton yana zaɓe ne tsakanin sani da rashin sani, alhali waccan ƙofa ta riga ta buɗe.

Shi ya sa a shekarun baya bayan nan na fi mai da hankali ga ikkilisiya fiye da aji. In dangi sun yi nisa, ai ikkilisiya dangi ce. Na roƙi fastonmu da dattawa su yarda zumuntar mata ta zaɓi mata uku ko huɗu masu hankali, waɗanda bakinsu yake da nauyi, maza ma haka, a kawo ma'aikaciyar lafiya ta koya musu abin da yake daidai, sa'an nan a sanar wa iyaye sunayensu, kowa ya zaɓi wadda ya amince da ita. An ɗauki wajen shekara ana jan maganar, gama waɗansu dattawa sun ga kamar za a kawo abin duniya cikin Haikali. Da aka yi zaman farko, matan da aka zaɓa su ne suka fi yara yawan tambaya. Wata tsohuwa mai jikoki goma sha ta ce sai ran nan ta san cewa ba mace ce take sa a haifi namiji ko mace ba, daga wajen uba abin yake fitowa. Ta ce a sake maimaita mata, domin akwai surukarta da aka daɗe ana zargi a kan haihuwar ƴaƴa mata, tana so ta je ta faɗa wa ɗanta da bakinta.